Duwatsu Masu Shuɗin Fenti

Rana ta riga ta faɗa bayan gidaje lokacin da ta turo ƙofa da kafaɗa, jaka a hannu ɗaya, bokitin ragowar fenti a ɗayan. A ofis Anti Walwala ake ce mata, don ita ke riƙe da sashen walwalar ma'aikata, ko da yake ita kanta ta manta rabonta da walwala. Kamfaninsu na sabulu yakan ba ma'aikata yini guda a shekara, ba tare da an taɓa albashinsu ba, su je su yi wa jama'a aikin sa kai. Bana wata tsohuwar makarantar firamare suka je a bakin gari. Ita ta raba riguna da buroshi, ita kuma aka tura ƙarshen layi da aka zo ɗaukar hoto.

"Mama, kin dawo?" in ji Auta daga ɗakinta na can ƙurya.

"Na dawo," ta ce, ba ta ko leƙa ba. Haka suke yi kullum. Yayyen Auta duk sun watse, ubansu direban babbar mota ne da ake gani wata zuwa wata, yarinyar kuwa ba ta da hayaniya, shi ya sa ake mantawa da ita.

Tana cire takalmi dutsen farko ya sauka a kan kwanon rufi. Ya gangara a hankali, kamar mai neman inda zai tsaya, sannan ya faɗo tsakar gida. Ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya biyo baya, sai na uku. Ta buɗe ƙofa ta duba lungu, babu ko kyanwa. Gajiya ta fi ƙarfin tsoro, ta yi salla ta kwanta da shuɗiyar rigar kamfani a jikinta.

Da safe ta tsince su. Guntayen bulo ne, kowanne da shuɗin fenti a gefe guda, irin shuɗin da ke jikin kwalin sabulunsu. Ta taɓa, fentin ya biyo yatsanta.

Tun daga ranar, magariba ta zama abin fargaba a gidan. Da haske ya fara dusashewa sai jifa ya tashi. Bayan jifa sai a ji ana jan wani abu mai nauyi a ɗakin ƙurya, kamar ana jan benci, sai kuma kukan ƙaramin yaro, siriri, daga inda babu yaro. Warin kananzir ya kama gidan. Auta ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci, tana zaune ta fuskanci bango tana sosa hannuwanta har suka yi ja. Uwar kuwa kullum sai ta tafi ofis, don akwai rahoton aikin sa kai da manaja ke jira, da hotunan da za a zaɓa a sa a kalanda.

Wata magariba ta dawo ta saurara, ba ta ji tambayar nan da Auta ke yi mata kullum ba. Wannan shirun ya fi jifan tayar mata da hankali. Ta shiga ɗakin ƙurya, sai a lokacin ta lura ƙwan fitilar ɗakin ya mutu, ba ta san tun yaushe ba.

"Auta?"

Yarinyar ta juyo. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, mai gajiya.

"Yau kin shigo," in ji muryar.

Ihunta ne ya jawo maƙwabciyarta mai ɗinki, da tsumma a kafaɗa. Matar ta leƙa sau ɗaya, ta yi salati, ta ce, "Wannan ba na asibiti ba ne, 'yar'uwa. Riƙe ta, bari in kira Malam."

Malam dattijo ne siriri, bai zo da komai ba sai carbi da gorar ruwa. Ya zauna daga bakin ƙofa, ya sa mai ɗinki ta riƙe kafaɗun Auta, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Karatun ya yi ta tafiya, duhu yana ƙaruwa, jifan yana raguwa har ya tsaya cak. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, sannan ya lafa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gida ne ni, kamar kowa. Sassauta karatun nan, Malam, ni ma a gajiye nake."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Tambayi mai shuɗiyar riga."

Malam bai juyo ba, amma Anti Walwala ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi.

"A ajin baya na makarantar nan nake da iyalina," muryar ta ci gaba, "tun kafin a haifi wannan matar. Yara sun daina shiga, mu ma ba mu taɓa su ba. Sai ga mutane da riguna iri ɗaya, suna dariya. Muka ce to, an zo gyara. Suka shafe bangon gaba, inda mai hoto zai gani. Karyayyun benci da guntayen bulo da duk sharar da suka kwaso, suka tura mana. Tagar da muke shan iska, suka rufe ta da ƙyallen kamfaninsu don kada ta ɓata hoto. Duk mun haƙura. Sai da rana ta faɗi ita wannan ta ɗauko ruwan wankin buroshi, da kananzir a ciki, ta watsa ta ƙofa. Ko bismilla ba ta ce ba. A kan ƙaramin ɗana ya sauka."

Anti Walwala ta tuna. Mai hoto yana sauri, manaja yana duba agogo, motar kamfani tana ta ƙaho. Kunya ta rufe ta, ta ce da murya ƙasa ƙasa, "Wallahi ban sani ba. Alheri muka je yi."

"Na ga alherin. Yana da kyau daga titi."

"Zalunci ba ya halatta zalunci," in ji Malam. "An cuce ka, na ji. Amma me ya kai ka jikin yarinya?"

"An cika mana ɗaki da shara, na biyo bokiti ina neman wani ɗakin da ba a leƙawa. Na samu, Malam. Na daɗe a nan kafin wani ya shigo."

Mai ɗinki ta sunkuyar da kai. Uwar ta ji maganar ta shige ta har ƙashi, hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Za ka fita," in ji Malam.

"Zan fita. A kwashe sharar, a cire ƙyallen. Ita da hannunta, kuma kada ta zo da mai hoto. Sannan a bar mini yarinyar zuwa ranar da za a gama."

"Wannan babu shi. Yanzu za ka fita, uwar kuma ta ɗauki alkawari a gaban Allah, ba a gabanka ba. Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Malam."

"Mutanen da ke ɗaukar alkawari da shuɗiyar riga, shekara guda suke yi kafin su dawo," in ji muryar.

Uwar ta miƙe ta jawo rigar daga igiya, ta jefa ta cikin bokitin fenti. "Gobe," ta ce. "Ko za su kore ni daga aiki, gobe."

Malam ya koma karatu. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin mai ɗinki. Wata iska ta ratsa tsakar gida ta fita ta ƙofa, warin kananzir ya bi ta. Malam ya miƙa gorar ruwa, ya ce a shafa mata a fuska, a kuma sa wa ɗakin nan fitila.

Uwar ta zauna a ƙasa ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Sai yanzu ta ga yadda ta rame, da yadda kitson kanta ya tsufa ya warware. Waya tana ta ruri a cikin jaka, manaja ne yana neman hotunan kalanda. Ta bar ta tana yi.

Auta ta buɗe ido a hankali, ta daɗe tana kallon fuskar da ke samanta.

"Mama, kin dawo?"

Wannan karon uwar ta dube ta ido cikin ido. Ta ƙara riƙe ta.