Fasinjojin Sadisu

Ban iya rubuta manhaja ba. Da baki na yi wa AI bayani, ta haɗa mini wadda fasinja zai riƙa kiran Keke Napep ɗina ta waya. Aminina Sadisu, da ya bar tuƙi bayan doguwar jinya, ya fi kowa murna.

"Bari in tura wa tsofaffin fasinjojina, mutumina. Na bar maka su."

Har addu'a na yi masa.

Wata rana dab da magariba, kira ya shigo daga hanyar Kuje zuwa Gwagwalada, inda babu gida sai gonaki. Na tarar da wani dattijo tsaye. Da ya shiga baya, keken ko motsi bai yi ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini hanci, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba.

"Baba, ina muka nufa?"

"Sadisu bai gaya maka ba?" Muryarsa kamar daga ƙasan rijiya. "Mun ce ba za mu sake shi ba sai ya kawo madadinsa."

Na duba madubi, kujerar wayam. Amma numfashinsa mai sanyi na kan ƙeyata.

Na kira Sadisu a waya. Yana ɗauka ya riga ni magana.

"Ka yafe mini, Lukmanu. Ina da 'ya'ya."

Ni ma ina da su. Sadisun ne ma ya yi wa ƙaramar huɗuba ranar da aka haife ta.