Bayan Jan Dutse

"Idan kika sa ƙafa a hanyar nan, Auta, kar ki ƙara kirana uwarki!"

Auta ta tsaya da igiyar takalmi a hannu.

"Haba Inna... kwana biyar ne fa. Kuma don matan cibiyarmu ne. Ke da kanki kin ga yadda ruwa ke zuba a kan kekunan ɗinki."

"Na gani. Hanyar ma na san ta. Da ƙafata na biyo ta, kina goye a bayana!"

Gaskiyar Inna ce. Shekara ashirin da uku da suka wuce, ta nan mata suka gudo daga yaƙi, a gefen hanyar kuma baban Auta ya taka nakiya. Yanzu cibiyar da Auta ke koya wa irin waɗannan matan ɗinki ta shirya tattaki a kanta, don jama'a su ji labarinsu su taimaka. Sai dai ba hanyar kaɗai Inna ta tsana ba. Har da Dogo, mai kwance nakiya, wanda ƙungiyarsu ta share hanyar, wanda kuma ya shekara biyu yana neman auren Auta.

"Mutumin da kullum yake fita da likkafaninsa a aljihu! Ni na yi takaba da ƙuruciyata, ba zan zuba ido ke ma ki yi ba."

Auta ta ɗaure takalminta tana hawaye. Tana kai bakin ƙofa ta ji tafiya a bayanta. Inna ce, da mayafi da 'yar jaka.

"Motar rakiya zan shiga. Tunda kunnen ƙashi gare ki, gara abin da zai faru ya faru a kan idona."

A bakin hanyar Dogo ya tara su, mata arba'in da 'yan rakiya. Ya ɗaga wani dutse, rabinsa fari, rabinsa ja.

"Irinsa muka jera gefe da gefe. Fari yana kallon inda muka share. Ja yana kallon inda ba mu kai ba. Jakarki ta faɗa bayan ja, ki bar ta. Iska ta kai mayafinki, ki bar shi." Ya saci kallon Auta. "Ko saurayinki ne ya faɗa, ki bar shi."

Mata suka kwashe da dariya. Ban da Auta.

Kwana uku suna tafiya. Gidaje ba rufi, rijiyoyi a rufe, gonaki sun zama daji. A wani kwari suka wuce gawar akuya bayan jan dutse, ungulaye na shawagi a kanta. Tun daga nan waƙa ta mutu a bakin matan. Dogo kuwa kullum da sassafe yake yin gaba da na'urarsa ta gano nakiya yana sake duba hanya, saboda ruwan sama kan kwaso abin da ke ƙasa.

Ran na huɗu aka tashi da hadari. A wurin hutu Sakatariyar ƙungiyar su Dogo, wadda tun ranar farko take bin Auta da murmushin da bai kai zuci ba, ta miƙo mata gorar ruwa. A hankali ta miƙo, yadda ko makaho zai ga yatsanta.

Zoben azurfa ne. Auta ce ta saya wa Dogo, da ya yi masa yawa ta naɗe ƙasansa da shuɗin zare. Ga zaren nan.

"A ina kika samu wannan?"

"Wannan? Ai shi ya ba ni da hannunsa, 'yar'uwa. Ba yau ya fara ba."

Kishi kumallon mata. Auta ta ji duniya ta yi mata duhu.

Da rana tsaka Dogo ya dawo daga gaba, rigar aiki a jikinsa, na'ura a kafaɗa.

"Rabin raina, ya ƙafar? Wa ya taɓa min ke?"

"Je ka tambayi mai zoben!"

"Wane zo..."

Ba ta tsaya ji ba. Ta juya fuu, hawaye ya rufe mata ido. Laka ta kusa binne duwatsun wurin, ita kuma ba ƙasa take kallo ba. Taku ɗaya, biyu... bakwai.

"Auta! Tsaya!"

Ba ta taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Ta ƙame. Da ta waiga da ido, sai ga jan gefen duwatsun yana kallonta.

"Kar ki motsa ƙafa. Ko ƙuda ya sauka a kanki, ki bar shi."

Wata ta rusa salati. Dogo ya sa aka janye kowa baya, ya sauke gilashin kariya a fuskarsa, ya durƙusa. Ya shafa ƙasa da na'ura, ya soka tsinke a karkace, ya matsa taƙi ɗaya. Ya sake. Iska ta fara kaɗawa, yayyafi ya sauko.

"Dogo... ƙafata rawa take yi..."

"Kalle ni, masoyiya. Ci gaba da faɗan. Me zoben ya yi?"

"A hannunta na gan shi!"

"Na'urar nan ƙarfe take ji. Zobe, agogo, makulli, duk a akwatin Sakatariya muke zubawa kafin mu fara aiki, da yamma mu karɓa. Ban taɓa ba ki labarin aikina ba don kar in tsorata ki. Laifina ke nan."

Kunya da tsoro suka haɗe mata, ta fashe da kuka.

"Yi kukanki, amma a tsaye."

Sa'a guda ya ɗauka kafin ya ci taku bakwai ɗin. Ya kewaya gefen takalminta da na'urar, sai na'urar ta yi wani siririn kuka daidai gaban yatsunta. Ya kafa jar alama.

"Mene ne?"

"Gwangwani ne." Gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Juyo a hankali. Inda gwiwata ta taka, nan za ki taka."

Tana tsallake duwatsun ta zauna a ƙasa. Sakatariya na tsaye tana kiciniyar cire zoben. Inna ce ta karɓe shi, ko kallonta ba ta yi ba. Ta zo gaban Dogo, wanda laka ta ɓata har ƙirji.

"Ranar da babanta ya taka, bai mutu nan take ba," in ji Inna. "Wuni guda yana kiran sunana. Maza nawa ne a wurin, ba wanda ya iya shiga."

Ta kama hannunsa, ta sa masa zoben a tafi.

"Kai ka shiga, ɗana. Ka turo manyanka."

An gama tattaki, an yi wa ɗakin ɗinki rufi, bayan wata uku aka ɗaura aure.

Yanzu ba ruwan Dogo da akwatin kowa. Kullum da safe a bakin ƙofa yake cire zoben ya sa a tafin Auta.

"Riƙe min, zan dawo in karɓa."

Takan zura shi a babban yatsanta ta hau keken ɗinki. Da la'asar ta yi sai ta daina ɗinki, don ƙarar keken na hana ta jin buɗe ƙofa. A tsakar gida Inna ma takan kashe rediyo.