Rodi Mai Jan Fenti

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Yelwa: ɗakin da Malama Susan ta ƙara a gidanta na bakin tafki ya rufta, ya karya ƙafar mahaifiyarta. Maƙwabta suka ce ƙaddara ce, kamar yadda suke ce wa duk abin da suke ƙyuyar bincika. Ɗan kwangila, Alhaji Abdulrahman, ya ɗora laifin kan magini Ladan, aka tsare shi.

Insifekta Jamila ta je wurin, takalminta ya nutse a laka, don tafki ya cika ya zaizaye gindin ginin.

"Alhaji, a kan me ka ɗora gini a wannan ƙasa?"

"Turakun kankare shida, ranki shi daɗe. Kowanne ƙafa goma sha biyu, sai da ya taɓa ƙasa mai tauri."

"A kawo diga."

Aka tona ɗaya. Ko ƙugun mutum bai kai ba, kuma babu rodi a cikinsa sai guntaye a sama don idon mai kallo.

"Aikin Ladan ne! Shi ya sace rodin!" in ji Alhaji.

Malama Susan ta ce, "Ni na sayi rodin nan. Na shafa wa bakin kowanne jan fenti, irin yadda nake wa kujerun ajinmu."

Insifekta ta koma wurin Ladan.

"Ina kake ranar zuba turaku?"

"Shanga, ranki shi daɗe. Alhaji ya aike ni kai wasu dogayen kaya naɗe cikin tamfol wurin bandar kifinsa. Ni da na dawo, bulo kawai na ɗora."

Kafin azahar suna Shanga, har da Alhaji. Insifekta ta ratsa hayaƙi, ta ture tarwaɗar da ke kan murhu. Ga rodi nan jere, hayaƙi ya baƙanta shi, amma jan fentin na nan a baki.

Alhaji ya cire hula, ya share gumi. "Rani ne, ƙasa ta bushe. Na ce wa zai tona?"

Insifekta ta ce, "Tafki ya fara tonawa, ni na ƙarasa. Kofur, sa masa ankwa."

Da la'asar aka saki Ladan. Bai je gida ba, asibiti ya nufa, wurin mahaifiyar Malama Susan.

"Inna, na zo gaisuwa."

Tsohuwar ta dube shi ta yi dariya. "Kai za ka sake gina shi. Amma wannan karon a gabana za a haƙa."