Taku Ashirin Zuwa Bencinmu

"Kar ka ƙara kirana Autarka!"

Ta faɗi haka tana tsaye a ƙofar lambun shaƙatawa na bakin kogi. Mai Fenti ya ɗora burushi a bakin gwangwani, ya miƙe a hankali.

"Me na yi, sanyin idona?"

Ta jefa masa mayafin da ta ƙudundune a hannu. Layuka uku na koren fenti ne kwance a jikinsa, irin koren da yake shafa wa bencinan lambun duk shekara idan ruwan kogi ya janye.

"Na 'yar kawuna ne. Jiya da yamma ta shigo gida da shi tana wani rausaya. Ta ce kai ka tsare ta da hira... a bencinmu na gindin mangwaro. Wai har ka ce ni yarinya ce, ita ta dace da kai."

Ya juya mayafin, ya girgiza kai.

"Auta, sana'ata ce fa. Ni zan zaunar da mace a kan ɗanyen fenti? Da rana na shafa masa, na zagaye shi da igiya, na tafi gida."

"To igiyar ce ta ɗaga kanta?"

"Taku ashirin ne daga nan. Zo ki duba bencin, abin da na roƙe ki ke nan."

Ina! Auta idan ta hau, ba mai sauko da ita. Shekara biyu tana kare shi a gida. Mama ta ce warin kananzir zai kore ta daga ɗakinsa, Yaya kuwa ba ya kiransa sai angon burushi. Duk ta shanye saboda tana sonsa. Yau ga mayafi ya ba su gaskiya, kunyar nan ta fi kishin ci mata rai.

"Ba abin da zan duba."

Ta juya ta tafi.

Sau uku yana aiko mata saƙo, kalmomin ba sa canzawa: zo ki duba bencin. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Mama ta yi hamdala, 'yar kawu kuma ta zama mai rarrashi, har da share mata hawaye, munafuka.

Sai bayan wata shida kewa ta ci ƙarfinta, ta koma lambun. Tsohon mai gadi ya gane ta tun daga nesa.

"Ya tafi, 'yata. Ya samu aiki a wani gari, watan jiya aka ce ya yi aure."

Ta dafa ƙofa.

"Kafin ya tafi ya ƙara wa bencinan nan fenti kaf, ban da ɗaya. Ya ce kar kowa ya taɓa shi, akwai mai zuwa dubawa."

Ta nufi gindin mangwaro, tsohon na biye da ita.

Ga shaidar nan ta bushe a tsakiyar benci, har zaren mayafi ya fito raɗau a cikin fentin. Dama da hagu sumul, ko ɗan yatsa bai taɓa ba.

Mutum ɗaya ne ya zauna.

"Ina kallonta ranar," in ji mai gadi. "Ita kaɗai ta zo, ta ɗaga igiya ta zauna, har da jingina baya. Na ɗauka ba ta da lafiya ne."

"Baba... me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni, 'yata?"

Haushin 'yar kawu bai kai rabin haushin kanta ba, don ba wanda ya riƙe mata ƙafa ranar nan.

Ta shafa shaidar da tafin hannu, hawaye na zuba. Da za ta fita sai ta samu kanta tana ƙirga sawunta har ƙofa.

Ashirin ne cif, yadda ya faɗa.