Igiyar Rijiyar Inna

Auta na tsugune a baranda tana ba 'yan dashen mangwaro ruwa, mijinta ya shigo da ƙunshi biyu a hammata. Malamin gona ne, kuma ya mayar da gidan hayarsu gandun gwangwanaye. Har a tsohuwar butar shayi akwai abin da ke tsiro.

Burinsu su bar birni, su sayi fili a ƙauye, su yi noman da ba takin kanti, ba feshi, itatuwa da kaji da lambu kowa na ciyar da ɗan'uwansa. Sai dai shi ɗan wata ƙasa ne, ita 'yar wata, kuma kowane gida ya ce wajensa za a zo. Da surutu ya ishe shi, Malam ya yanke hukunci: a tsakiyar rani kowane ɓangare ya zura igiya a rijiyar da ke kusa da filin da ya samo musu, ya yanke daidai tsawon da ya kai ruwa, ya aiko. Inda ruwa ya fi kusa, can za su.

A tsakar falo ya kwance ƙunshin biyu, ya auna igiyoyin. Ta Babansa gaba goma sha huɗu. Ta Inna, mahaifiyar Auta, gaba takwas.

"Shi ke nan, Innarki ta ci gasa," ya ce yana dariya. "Gobe zan fara neman biza."

Auta ba ta yi dariya ba. A rijiyar nan ta girma. Ko da damina ba ta taɓa jawo guga a ƙasa da gaba talatin ba, tafin hannunta shaida ne.

Da ya fita masallaci ta kira waya.

"Inna, igiyar nan..."

"Ni na yanke ta," Inna ta katse ta. "Mahaifinki ya rasu, yayyenki sun watse. Ni da kujeru muke hira. Me kike so in yanke in ba igiya ba?"

"Itatuwansa za su mutu, Inna. Shekara uku yana renonsu."

"Ni shekara nawa na rene ki? In kin faɗa masa, kin zaɓa ke nan."

Kwana shida Auta tana yawo da maganar a ƙirji. Ta ɗora tukunya ta manta da ita. In ta dubi Malam yana zana inda zai haƙa ramin tara ruwa, tausayinsa ya kama ta. In ta tuna Inna ita kaɗai a tsakar gida, ta fasa faɗa masa. Babu inda za ta juya ba ta cuci wani nata ba.

Rana ta bakwai ta same shi yana cike fom.

"Malam, ajiye biron. Rijiyarmu ta fi gaba talatin."

Ya ajiye biron. "Kin san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani," ta ce, hawaye na zuba. "Amma ba zan iya kallonka kana dasa abin da zai bushe ba."

A ƙasarsa suka sayi filin. Inna ta daina yi mata magana. Kowane mako Auta ta kira, a ɗaga, ta yi gaisuwa, ta ba da labarin kaji da gwanda, ba ta jin komai sai numfashi, sannan a kashe. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, mako ya zagayo ta sake kira. Malam ya zo ya zauna kusa da ita.

Damina uku aka yi haka. Wata rana da hantsi mota ta tsaya a bakin shinge, wata tsohuwa ta sauko da akwati da ƙullin iri. Ta ƙare wa gonar kallo, ta taɓe baki.

"Wa ya koya muku shuka a cakuɗe kamar daji?"

Auta ta durƙusa ta rungume ƙafafunta.

"Tashi, kin ɓata mini zane. Ina za ku ajiye ni?"

Malam ya ɗauki akwatin, ya nuna ɗakin da ke ƙarƙashin inuwa. "Ga naki, Inna. Shi muka fara ginawa, mu a rumfa muka yi daminar farko."

Inna ta juya baya don kada surukinta ya ga idonta.

Wanda ya faɗi gaskiya a gidan aurensa, bai kuma daina gaida iyaye don sun yi fushi ba, Allah ba ya barinsa ya rasa ɗaya daga ciki. Sai dai jiran akwai ciwo, a tambayi Auta.