Kibiya Ta Biyu

Ku matso, ku rage murya. Kun ɗauka aljanu sai gindin tsamiya? To ku ji na Barira, mai kula da kwamfutocin wani asibiti a Funtuwa.

Ranar wata Juma'a ce, rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci. Aka kawo mahaifinta, Malam Sallau, jiki ya yi tsanani. Shekarun baya wata allura ta kusa kashe shi, ba kuwa mai tuna sunanta. Sunan yana cikin tsohon fayil, fayil ɗin yana cikin wata kwamfuta marar jiki, wadda aka ƙirƙira a cikin babbar na'ura can Legas. Daga nesa ake shigarta. Shekara huɗu ba wanda ya leƙa.

Likitar ta ce, "Minti goma zan jira ki, Barira. Bayan nan sai abin da na ga ya dace."

Barira ta shiga ofis ita kaɗai, ta haɗa kwamfutarta da ta Legas. Allo ya buɗe. Kibiyar nan da ake nuni da ita a allo, sai ga ta guda biyu.

Ba ta damu ba, ta saba ganin haka. Ta daidaita girman allon can da na nan. Ta sake ɗora manhajar da ke haɗa kibiya da linzami, abin nan da ake ja da hannu a motsa ta. A ƙa'ida sai kibiyoyin su haɗe su zama ɗaya. Tata ta tsaya cak. Ɗayar ta ci gaba da tafiya, a hankali, ta nufi inda ake goge fayil.

Sai ta ji sanyi a ƙeyarta.

Wani tsoho ne tsaye a bayanta, cikin farar riga. Ya riga ya tsaya, amma ƙarar takunsa tana ta tahowa daga baranda. Leɓensa ya motsa, ya rufe, sannan muryar ta iso.

"Yarinya, kin shigo mana gida ba sallama."

Tsoro ya kama ta sosai. Amma Barira, kun san ta, ko a gida ba a ƙwace mata ludayi.

"Salamu alaikum, Baba. Na yi laifi. Amma fayil ɗin na ubana ne."

"Kango na wanda ya zauna ne. Kibiyar ma tamu ce."

"To ku riƙe abarku."

Ta fizge wayar linzamin, ta ture shi gefe. Ta koma kan madannan rubutu, tana dannawa. Ƙasa, ƙasa, shiga. Ba ta waiwaya ba. Kibiyar ta shiga zagaye allo kamar kazar da aka ɗauke wa 'ya'ya. Wani abu mai sanyi ya dafa bayan hannunta na dama. Ta ci gaba da na hagu, tana karanta Ayatul Kursiyyu a tsakanin haƙora. Fayil ya buɗe, sunan allurar ya fito.

Ta ruga. Ta tarar likita ta riga ta zuƙi magani a sirinji. Barira ta duba kwalbar. Ita ce dai allurar nan.

Malam Sallau yana nan da ransa, jiya ma na gan shi a kasuwa yana cinikin albasa. Hannun Barira na dama kuwa bai ƙara ɗumi ba har yau, ko ta kara shi a wuta. In ka yi mata jaje sai ta harare ka, ta ce hannu ɗaya a bakin uba ai araha ce.

Ku dai, tsohuwar na'urar da aka daɗe ba a buɗe ba, kada ɗayanku ya shige ta shi kaɗai. Ba kowa ne Barira ba.