Zombin da Ya Yi Gudu

Akwai wata yarinya da ba ta da abin so kamar wani littafin zane mai ban tsoro. Labarin zombi ne a ciki, wato gawarwakin da suke tashi su yi ta yawo cikin gari. Ta karanta shi har bangonsa ya yage. A gida Yaya ake ce mata, don ita ce babba. Ƙaninta kuma Auta.

Auta bai damu da littafin ba. Shi dai a bar shi ya yi barci. In aka aike shi shago, sai ya tafi yana jan ƙafa, kai a langaɓe. Kullum Mama cikin faɗa take.

"Auta, ɗaga ƙafarka mana. Takalmin nan ba tsintsiya ba ne."

Wata rana Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da labari. Ita mai kwalliya ce a gidan talabijin.

Ta ce wa Yaya, "Albishirinki. Za a mayar da littafin nan naki fim. Ana neman yara da za su fito a zombi."

Yaya ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta tsaya gaban madubi tana zare ido, tana gurnani, har kyanwar gidan ta bar mata ɗakin.

Ranar gwaji Gwaggo ta tafi da su biyu. Auta dai an je da shi ne don ya riƙe jakar kayan kwalliya. Suna isa, Gwaggo ta tuna sun bar jakar a mota, sai ta aike shi ya ɗauko.

A cikin wani ƙaton ɗaki aka tara yaran. An gina titi da shaguna na kwali, ga manyan fitilu, ga wayoyi ko'ina a ƙasa. Darakta, mai shirya fim ɗin, ya tsaya gabansu.

Ya ce, "Ku saurara da kyau. Zombin littafi daban, namu daban. Na littafi yana gudu, yana gurnani. Namu ba ya gudu ko kaɗan. In ya ji ƙara, sai ya juya a hankali ya bi ta. Wannan jinkirin shi ke tsorata mai kallo."

Yaya ta ji, amma da aka zo kanta sai gurnanin ya ƙwace mata. Ta zare ido, ta kai wa iska cafka.

Darakta ya yi murmushi. "Kin cika zafi, 'yata. Koma layin baya."

Daidai nan Auta ya shigo da jaka. Yana jan ƙafa, baki a sake, ido rabi a rufe.

Darakta ya cire tabarau ya dube shi. "Wannan yaron na waye? Kai, sake tafiya mu gani."

Auta ya sake. Ai ba wani abu ya yi ba, tafiyarsa ce ta kullum.

"Shi ke nan," in ji darakta. "Shi zai shiga gaba. Saura duk ku bi shi."

Abin ya ɓata wa Yaya rai. Ita ta haddace littafin. Ita ta sha wahala gaban madubi. Amma ga wanda ko bangon littafin bai taɓa buɗewa ba, shi ne a gaba.

A gida abin ya ƙara yi mata ciwo. Baba ya koma kiran Auta babban jarumi. Mama da ke faɗa a kan jan ƙafa, yanzu ita ke cewa, "Auta, yi wa maƙwabciya tafiyar nan ta gani." Kowa na dariya ban da Yaya. Kishi ya cika ta har abinci ya daina yi mata daɗi.

Ana gobe za a ɗauki fim, Auta ya same ta a tsakar gida da yamma.

"Yaya, an ce za a kaɗa ƙararrawa. In na ji, me zan yi?"

Yaya ta san amsar sarai. Ta kuma san ba ya nan lokacin da darakta ya yi bayani. Sai ta ɗauko littafinta, ta buɗe shafin da zombi ke rugawa da gudu.

"Ka gani? Kana jin ƙararrawa, ka kwasa a guje."

"Gudu kuma? Ba a ce min haka ba."

"Ni na karanta littafin ko kai?"

"Ke ce, Yaya. Na gode."

Godiyar ta ɗan sosa mata rai, amma ta rufe littafinta.

Washegari Gwaggo ta yi safiya guda tana aiki. Ta shafa wa yaran fenti mai ruwan toka. Ta manna musu auduga da gam a kumatu, ta ɗiga jan ruwa kamar jini. Auta ya fito abin tsoro, har shi kansa ya ƙi kallon madubi.

Aka jera su. Auta a gaba, Yaya can baya. Aka kunna fitilu, mai kyamara ya shirya. Suka fara tafiya a hankali, gwanin kyau.

Sai aka kaɗa ƙararrawa.

Auta, wanda bai taɓa sauri ba a rayuwarsa, ya kwasa a guje. Yaran da aka ce su bi shi suka rufa masa baya. Ƙafarsa ta sarƙe da waya, ya faɗi. Fitila ɗaya ta kife. Shagon kwali ya rufta. Yara suka zube a kan juna, auduga da fenti duk suka goge.

"A tsaya!" in ji darakta.

Kowa ya tsaya cak. Auta ya tashi da ƙyar. Gwiwarsa na zubar da jini, kuma wannan ba na Gwaggo ba ne.

Darakta ya zo kansa, ransa a ɓace. "Wa ya ce ka yi gudu?"

Auta ya waiwaya ya dubi Yaya. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Ba kowa," in ji shi.

"To, je ka wanke fuskarka. A nemo wani yaron ya shiga gaba."

Abin da Yaya take so ke nan. Ta jira ta ji daɗi, amma daɗin bai zo ba. Ta ga Auta yana ɗingishi, hawaye na wanke fentin fuskarsa. Ta ga Gwaggo tana tsintar auduga a ƙasa. Kunya ta kama ta, da tausayin ƙaninta. Ta fito daga layi.

"Yallaɓai, ni na ce ya yi gudu."

"Ke? Ba ki ji bayanina ba ranar nan?"

"Na ji. Shi ne bai ji ba. Da gangan na yi. Haushi nake ji don an zaɓe shi an bar ni."

Gwaggo ta riƙe baki. "Haba, Yaya. Ƙaninki fa."

Darakta ya dube ta. Sannan ya ce, "Kin kyauta da kika faɗi gaskiya. Amma ba za ki fito a fim ɗin nan ba. Auta zai koma wurinsa. Ke kuma ki taya gwaggonki gyara abin da kika ɓata."

Yaya ta wanke soso, ta yayyage auduga, ta riƙe kwanon fenti har hannunta ya gaji. Da aka zo ɗaure wa Auta gwiwa, ita ta durƙusa ta riƙe masa ƙafa.

"Auta, ka yafe min. Me ya sa ba ka tona ni ba?"

"Da an kore ki, da wa zan koma gida?" in ji shi. "Na yafe, Yaya."

Da aka sake jera yaran, Auta ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, don Allah a bar Yayata ta kaɗa ƙararrawar."

Darakta ya yi dariya, ya miƙa mata.

Yaya ta kaɗa. Auta ya juya kai a hankali, ya bi ƙarar yana jan ƙafa. Har mai kyamara sai da ya ja da baya.

Ranar da aka nuna fim ɗin, duk gidan suka taru a falo. Auta ya cika talabijin da fuskarsa. Yaya ko yatsanta bai fito ba. Amma ita ta fi kowa tafi.

"Ga ƙanina nan!" in ji ta.

"Ga ƙararrawar Yaya nan kuma," in ji Auta.

Mama ta jawo su jikinta. Ta ce, "Kin ga abin da kishi ya jawo, ko? Ya ji wa ƙaninki ciwo, ke kuma ya raba ki da abin da kike so. In ɗan'uwanki ya samu alheri, ki taya shi murna, ki kuma gaya masa gaskiya."

"Na gane, Mama," in ji Yaya.

Daga nan Mama ta aiki Auta ya ɗauko ruwa. Ya tashi yana jan ƙafa.

"Auta, an gama fim. Ɗaga ƙafarka."